Ganuwa Da Labulen Gwaggo Harira

Masu ce min "Rashida, ki ajiye aikin nan, miji ya fi komai", na ga saƙonninku, na gode. Masu cewa "wallahi kar ki kuskura", ku ma na gani. To kowa ya gyara zama, don abin da ya faru ranar Talata ya wuce duk inda muka zata.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: a Kurmin Mashi aka haife ni, babana kafinta ne, ni kuma zanen gine-gine na karanta. Idan ka wuce Kawo ka miƙi hanyar Zariya, kafin ka kai Katabu akwai wani tsohon sansanin soja a kan dutse, tun na zamanin Turawa, mutanen wajen suna ce masa Ganuwa. Katangarsa ta dutse ce da jar ƙasa, kaurinta ya kai in buɗe hannuwana biyu, ga ƙananan ramuka jere inda ake zura bakin bindiga. Shekara da shekaru ba mai kwana a ciki sai jemagu da awaki. Wani kamfani ya karɓi wurin zai mayar da shi otel na alfarma, wanda wutarsa za ta fito daga rana, ruwansa daga na sama da za a riƙa tarawa, ba hayaƙin janareto, ba a kuma rushe ko dutse ɗaya na asali. Zanena aka zaɓa. Ni, 'yar Malam Lawan kafinta. Har gobe in na faɗa sai na ji daɗi a bakina.

Sai kuma Zaharaddeen, mai shagon kayan gyaran mota a Kawo, wanda iyayensa suka kawo kuɗin gaisuwa gidanmu, saura a sa rana. Komai yana tafiya daidai har yayar babansa, Gwaggo Harira, ta ji inda nake aiki. Babbar dila ce ta atamfa da labulaye da zannuwan gado a babbar kasuwa, kuma a danginsu in ta yi tari kowa sai ya yi shiru. Magana ɗaya ta yi: "Mu ba mu auren ɗiyar otel." Tun daga nan aka daina zancen sa rana.

Da safen Talatar ina gaban madubi, na sa doguwar rigata ruwan toka da wando a ciki, na ɗaura ɗankwali, na zura gajeren hijabina ruwan ƙasa. Ina ɗaure igiyar takalmin aiki Umma ta shigo da kofin kunun gyaɗa, ta dire min, ta tsaya tana kallon hular kwanona da ke kan gado kamar ta ga maciji.

"Wannan hular ce za ta raba ki da aure, Rashida."

"Umma, ita ce dai take raba ni da fashewar kai."

"Ki yi ta mayar da abin wasa. Jiya a gidan suna har tambayata aka yi wai da gaske a otel kike kwana. Na rasa inda zan sa fuskata. Ki ce musu kin ɗauki hutu mana, in an ɗaura aure kya san yadda za ki lallaɓa shi."

"In na fara auren da ɓoye-ɓoye, da me zan ƙare shi?"

Ta yi ƙwafa ta fita. Kar ku ga laifin Umma. Ni ce babbar 'yarta, ta riga ta fara tara min kwanuka a ƙarƙashin gado tun ina sakandare.

Ina cikin keke wayata ta yi ƙara. Zaharaddeen ne.

"Injiniyata, kin tashi lafiya? Ki yi min addu'a, yau zan sake yi wa Alhaji magana."

Babansa yake nufi. Na rubuta masa: "Allah ya ba ka bakin faɗa. Ka karya kuwa?"

"Shayi kawai. Tunaninki ya hana ni cin burodi."

Na tura masa hoton dariya. Ni fa ba injiniya ba ce, na faɗa har na gaji, amma daga shi har leburorin wurin aiki ba mai ji. Kuma ina son sa, kar wanda ya yi tunanin wani abu. Ina son yadda yake sunkuyar da kai in zai yi dariya, da yadda bai taɓa zuwa gidanmu bai tsaya ya taya Baba riƙe katako ba. Aibinsa ɗaya, a gaban manyansa ruwa ne, duk kwanon da aka zuba shi nan yake zama.

Wajen hantsi ina cikin ɗakin da muka fara kammalawa don gwaji. Da can nan ne ma'ajiyar makamai. Mun kankare kashin jemage, mun yi wa bangon yaɓe da jar ƙasa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, mun bar ramukan bindigar yadda suke, sai gilashi da muka sa musu, rana tana shigowa ta ciki siri-siri tana sauka a daɓe. Ko ƙofa ba a kafa wa ɗakin ba tukuna, magina suna ta wucewa da baro. Injiniya Bilal, mai haɗa mana wutar sola, yana kan tsani yana ɗaura fitila, ni ina ƙasa ina ce masa ya matsar da ita hagu kaɗan.

Sai ga Sule mai gadi da sauri.

"Injiniya, kin yi baƙuwa. Wata Hajiya ce, na ce ta jira a ƙasa ta ce ita ba a sa ta jira."

Kafin ya rufe baki na ji ƙamshin turare ya rigayi mai shi shigowa. Leshi ne a jikinta ruwan zuma mai duwatsu, mayafi ya sha aiki, awarwaron gwal har gwiwar hannu, takalmi mai tsini ya yi buɗu-buɗu da ƙasa. Tana haki, gumi ya jiƙa mata hoda. Sau ɗaya na taɓa ganinta, ranar kawo kuɗin gaisuwa, amma irin fuskar nan ba a mantawa.

Gwaggo Harira ce da kanta.  Na cire hular kwano na durƙusa har ƙasa.

"Gwaggo, sannu da zuwa. Ina kwana? Da kin aiko ai da na sauko."

"Lafiya lau. Da na aiko ai da ban ga abin da na zo gani ba."

Ta ɗaga kai ta kalli Bilal a kan tsani, ta kalle ni, ta sake kallonsa. Bawan Allah ya sauko ya gaishe ta da ladabi, ya naɗe wayoyinsa ya fice. Na share mata dakalin dutsen da ke jikin bango, na shimfiɗa mata dardumar sallata, na kawo ruwa. Ta zauna tana fifita da gefen mayafi. Can sai ta daina fifitar, ta fara waige-waige.

"Ina kuka ɓoye na'urar sanyin?"

"Babu ita, Gwaggo."

"Kamar ya babu? Wanga sanyi fa?"

"Bangon ne. Kaurinsa ba ya barin zafi ya shigo, ga kuma kafofi can sama da iska mai zafi take fita. Waɗanda suka gina shi don yaƙi suka yi, amma sun san rana. Mu gyarawa kawai muka yi."

Ta miƙa hannu ta shafa bangon, ta duba tafinta ko ya yi ja, bai yi ba. Ta ce in zaga da ita. Na zaga da ita kuwa, ina gaba tana biye tana ɗingisawa da takalminta mai tsini. Na nuna mata farantan sola da muka jera a bayan katanga inda ba za su ɓata fuskar ginin ba. Na nuna mata tsohuwar rijiyar sojoji da muka yashe, da babban tankin ƙasa da zai tara ruwan damina, da filin faretin da zai zama lambu, ruwan wanka in an tace shi ne zai shayar da shi. Na nuna mata masallacin da muka fitar a kusurwar gabas. Na kai ta saman hasumiyar tsaro, inda ake hango titin Zariya da motoci kamar ƙwari, da rufin gidajen Katabu suna ƙyalli. Magina suna wucewa suna "sannu Injiniya", wani ya tsayar da ni yana tambaya a kan tsayin matakala, na ba shi amsa ya juya. Duk tana gani. A raina na ce, alhamdulillahi, yau dai ta ga otel ɗin da ake faɗa, siminti ne da gumi.

Da muka dawo ɗakin ta zauna, muryarta ta sauko.

"Ɗiyata, zauna nan kusa. Ɗaki nawa za ku yi duka?"

"Arba'in, in Allah ya yarda."

"Kowane da taga nawa?"

"Wani biyu, wani uku."

"Ga gado, ga zannuwa, kuma ai ba saiti ɗaya za a saya ba, sai an riƙa canzawa. Ga tawul, ga labulen falo." Leɓenta ya fara motsi. Na san wannan motsin, lissafi ne, haka Baba yake yi in ana masa kwatancen kujeru. "Wa aka ba kwangilar?"

Jama'a, sai da na kalle ta da kyau don in tabbatar ba gatse take yi ba.

"An riga an bayar, Gwaggo."

"Abin da aka bayar ai ana karɓewa. Ke ce mai zane, in kin ce wancan bai dace da bangonki ba, wa zai musa? Ni kayana daga Dubai suke zuwa, ba irin na kowa ba ne." Ta dafa gwiwata, awarwaronta suka yi ƙara. "Kin ga, ni ba ni da matsala da ke. Na zo na gani, yarinya ce mai kamun kai. Yau ɗin nan in na koma na ce wa Alhaji a sa rana, kafin sallar isha'i an sa. Ba ni gishiri in ba ki manda, haka duniya take."

Wato matar da ta ce ba a auren ɗiyar otel, ita ce take son labulenta a kowace tagar otel ɗin.

Ba zan ce zuciyata ba ta raya min komai ba. Na hango Umma da kwanukanta, na hango Zaharaddeen cikin babbar riga. Amma na kuma hango tsakar gidan Inna Asabe a Hayin Banki. Ita ce shugabar matan da ke mana saƙa da rini, yawancinsu zawarawa da waɗanda mazansu suka rasu. Ni da ƙafata na je na nemo su, ni na tsaya gaban masu kamfani na ce otel ɗin da ke cikin ginin ƙasar nan ba zai rataya labulen waje ba. Tun kafin azumi suke aiki, hannuwansu sun yi shuɗi har wuyan hannu. Ranar da na kai musu labarin an amince, wata tsohuwa a cikinsu buɗa ta rangaɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Na sunkuyar da kai yadda ya kamata, na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Wasu mata ne a Hayin Banki suke saƙawa, sun yi nisa. Ba zan iya karɓe musu ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Ba zan yi ba, Gwaggo. Amma in kina so, in an zo sayen kayan ma'aikata zan gaya miki ranar da za a buɗe neman farashi, ki kawo naki kamar kowa."

"Kamar kowa." Ta maimaita a hankali. Ta ɗauke hannunta daga gwiwata, ta miƙe, ta gyara mayafi. "Ni Harira, kamar kowa. To madalla. Ɗiyar kafinta ta yi baki."

"Bari in raka ki, matakalar tana da santsi."

"Ni na hawo da ƙafata."

Duk da haka na bi ta a baya har mota, na buɗe mata ƙofa, na ce Allah ya kiyaye hanya. Ba ta amsa ba. Na koma sama na ce wa Bilal fitilar nan har yanzu ba ta zauna daidai ba, ya sake hawa tsani.

Da la'asar na koma gida, na tarar da Umma tana tankaɗen garin tuwo. Ban ɓoye mata komai ba. Ta saki rariya a cikin kwano.

"Labule? A kan labule, Rashida? Mata ta kawo miki aure har inda kike, kin mayar da ita da hannu biyu?"

"Ba aure ta kawo ba, Umma, ciniki ta kawo."

"To ki saya mana! Wa ya ce miki sauran auren da kike gani ba ciniki a ciki?"

"In na saya yau da labule, gobe da me za ta zo? Duk ranar da na ce a'a sai ta tuna min ita ta sa aka ɗaura."

 Umma ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe da ƙarfi har gari yana tashi. Can ƙasa-ƙasa na ji ta ce, "Taurin kan ubanki ne, ba wani abu ba."

Na yi wanka na sa atamfata kore mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket. Ina shafa mai saƙon Zaharaddeen ya shigo.

"Ina ƙofar gida."

Ba "Injiniyata", ba sallama. Na yafa mayafi na fita.

Yana zaune a kan bencin zaure, shaddarsa fara duk ta yamutse, hular tana hannunsa yana juya ta. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Na zauna a ɗaya gefen.

"Gwaggo ta je wurin aikinku."

"Ta je."

"Ta dawo ta tara mutane a falon Alhaji. Ta ce..." Ya sake juya hular. "Ta ce ta same ki ke da wani namiji, ku biyu a ɗaki. Ta ce da kuka gan ta kuka rikice, shi ya fita da gudu."

Na juyo na fuskance shi sosai. 

"Kai me ka ce?"

"Na ce zan zo in tambaye ki."

"Au, tambaya ka zo yi."

"Rashida, ba haka nake nufi ba..."

"To tsaya in ba ka amsa, sau ɗaya zan faɗa, kuma ba zan rantse ba. Injiniya Bilal ne, yana kan tsani yana ɗaura fitila, a ɗakin da ko ƙofa babu, magina suna shiga suna fita. Bayan ya tafi Gwaggo ta nemi in ƙwace aikin labule daga hannun matan Hayin Banki in ba ta, ita kuma ta sa a sa mana rana. Na ce a'a. Shi ke nan abin da ya faru."

Na zata zai yi mamaki. Bai yi ba. Ya dai ƙara sunkuyar da kai, hular ta tsaya cak a hannunsa.

"Malam Zaharaddeen, ɗago ka kalle ni. Ka san da zancen labulen nan?"

"Ta... ta taɓa yi min maganar. Satin da ya wuce. Ta ce in gaya miki. Na san ba za ki yarda ba, shi ya sa ban faɗa ba."

"Ka sani. Kana zaune a falon, ta ɓata min suna a gaban babanka, ka san dalili, ka ce za ka zo ka tambaye ni."

"Yayar Alhaji ce, Rashida. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu. Ta yaya zan buɗe baki a gaban mutane in ce ƙarya take yi?"

"Ban ce ka ce mata maƙaryaciya ba. Abin da ka sani za ka faɗa, da ladabinka." Na gyara mayafina. "Ka ji ni da kyau. Ina son ka, ka sani, unguwar nan ma ta sani. In aka fasa auren nan zan yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma da safe zan wanke fuskata in tafi aiki, kuma sunana zai bi ni duk inda na je. Wannan maganar da ka faɗa min yanzu, ba ni ce nake buƙatar jin ta ba. Ka san mai buƙata."

Na miƙe zan shiga gida.

"Tsaya."

Na tsaya, ban juyo ba. Na ji yana laluben aljihu, na ji ƙarar kira, ya sa ta a fili yadda zan ji. Da aka ɗauka, muryar dattijo ta cika zauren.

"Zaharaddeen, kana ina?"

"Alhaji, ina Kurmin Mashi. Akwai abin da ban faɗa ba ɗazu." Daga nan bai tsaya ba. Ya faɗi ranar da Gwaggo ta kira shi shagonta, ya faɗi abin da ta ce ya gaya min, ya faɗi yadda ya yi shiru. Har ya ƙara da cewa, "Ni na san Rashida, Alhaji. Ban yarda da abin da aka faɗa a kanta ba, kuma tun a falo ya kamata in ce haka."

Na juyo na kalle shi. Gumi ne a goshinsa kamar wanda ya sauke buhun siminti. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in kawo masa ruwa in yi masa fifita, amma na dake.

 Sannan Alhaji ya ce, "Tana kusa? Ba ni ita."

Na karɓa da hannu biyu, na durƙusa kamar yana gabana.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, Rashida. Na ji ta bakin yayata, na ji ta bakin ɗana. Taki ban ji ba, kuma ba a waya zan ji ta ba. Gobe da hantsi zan zo wurin aikin naki, ni da Hajiya Harira. Abin da za ki faɗa, ki faɗa a gabanta. Za ki iya?"

"Zan iya, Baba. Allah ya kai mu. Sai dai don Allah a sa takalmi mai rufi, akwai ƙusoshi a wurin."

Na ji kamar ya yi 'yar dariya ta hanci. Kafin ya kashe, muryar Gwaggo ta taso daga bayansa, kusa sosai, wato duk abin da Zaharaddeen ya faɗa a kunnenta ya faɗa.

"Ka ce mata ta kwana da shiri. Ni ma ba ni kaɗai zan zo ba, da mai shaidata zan zo."

Wayar ta katse. Zaharaddeen ya zaro ido yana kallona.

"Wace shaida kuma? Wa za ta kawo?"

"Gobe ma gani," na ce. Na miƙa masa wayarsa, na ce ya gaida gida, na shiga ciki na jona dutsen guga in goge kayan gobe tun kafin a ɗauke wuta.